Kyamarar da Kawu Gali Ya Juya

Ina aji biyu na firamare na fara jin sunan Gali. Wani mutum ne mai tsagen Barebari a fuska ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Na'isa, sanye da riga ruwan toka mai tambari a kafaɗa, ya ce da ni, "'Yammata, shiga ki ce ana sallama da Gali."

Na ce, "Babu mai wannan suna a gidan nan."

"To dogon nan fa, siriri kamar sandar kiwo, mai tafiya aiki da irin rigata?"

"Ai wannan Kawu ne."

Ya ƙyalƙyale da dariya har babur ya nemi ya kayar da shi. "To je ki ce da Kawun, ubangidansa Mamman ya zo, ya fito ya kwashi gaisuwa."

Na ruga ciki na faɗi saƙon yadda aka ba ni, har da sunan. Mahaifiyata, Husaina, wadda ƙanwar Kawu ce, ta toshe baki tana dariya. Ita kuwa Dada, kakarmu, tana zaune tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, kamar maganar wani baƙo ake yi. Sai daga baya na gane dalili. Kawu ɗanta ne na fari, kuma tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. In tana son a kira shi sai ta ce, "A ce da na zaure ya zo."

Kowa a cikin birni ya san kunyar ɗan fari, amma tamu ta fi ta maƙwabta nauyi, domin da ita iyayenmu suka taso daga ruga, suka kuma riƙe ta gam bayan shanu sun ƙare. Yadda aka yi wa Kawu, haka shi ma ya yi wa nasa ɗan farin, Ikrima. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin Dada. Duk unguwa Baban Yusra ake ce wa Kawu, alhali Ikrima ya girmi ƙanwarsa Yusra nesa ba kusa ba. Shi kansa Ikrima Kawu yake ce masa kamar yadda muke cewa. In sun haɗu a zaure, Ikrima ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu ya amsa yana kallon bango. Da Ikrima ya gama koyon ɗinki Kawu ne ya sayi keken, amma ta hannun mahaifiyata ya bi, ya kuma hana ta faɗa.

Ni aka bar wa riƙon tarihin gidanmu. Tun ina ƙarama nake zama kusa da Dada ina haddace wa ya haifi wa, wa ya auri wa, har ta kai in gardama ta tashi a wajen biki sai a ce a kira Mardiya. Yawancin abin da na riƙe labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne. Wannan kuwa na mai rai ne, kuma da izininsa nake rubutawa: yadda kunyar nan ta bi Kawu har wurin aiki ta taɓa hannun Ikrima, da yadda ya daɗe yana neman bakin da zai gaya masa.

A wata ruga ta wajen Ɗambatta aka haifi Kawu. Ya yi kiwo har ya zama saurayi, sannan ciwon bushiya ya shiga garken kakanmu. Abin da ya tsira aka sayar aka sayi gidan nan namu. Kawu ya yi gadi a wata masaƙa a Sharaɗa. Da aka rufe ta ya ɗan zauna ba aiki, sai wani kamfanin tsaro ya ɗauke shi ya tura shi wani banki da ke bakin titi, in ka fita ta Ƙofar Ɗan Agundi. A can ya haɗu da Mamman. Bafillatani da Babarbare a wuri ɗaya, ai ba sai an faɗa ba, kullum cikin tsiya suke, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

Shekarunsa na farko a bakin ƙofa ya yi su, ƙofar gilashin nan mai ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya, wadda in ta ji ƙarfe a jikinka sai ta ƙi buɗewa ta yi ta magana da Turanci. Tsofaffin matan cikin birni sun san shi, don shi ke lallaɓa su su ajiye makullai da awarwaro a ɗan akwati kafin su shiga. Wata Hajiya ta taɓa ce masa ita fa tun kafin a gina bankin take garin nan. Ya ce, "Haka ne Hajiya, ni na san ki, ƙofar ce baƙuwa." Da gwiwa ta fara damunsa, tsayuwa ta gagara, aka mayar da shi ɗakin kyamara tare da Mamman.

Ban taɓa shiga ɗakin ba, amma ya kwatanta mini shi har kamar na gani. Can ƙurya yake, ba taga, ga sanyin esi da ke sa shi sa suwaita ko da bazara. Akwai ƙaton talabijin da aka yayyanka gida-gida, kowane gida da abin da yake nunawa: wannan ƙofa, wannan kanta, wancan bayan gini, wancan bakin injin cirar kuɗi. Doka ita ce ba a barin ɗakin ba kowa, ko salla ɗaya bayan ɗaya suke yi. In ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, ka ɗauki oba-oba ka sanar da masu gadin waje da ɗan sandan da ke bakin get. Duk kyamarorin a kafe suke in ban da guda ɗaya da ke kan dogon ƙarfe a waje. Ita tana juyawa, tana kuma jawo abu kusa, da wani ɗan maɓalli mai kama da tabaryar wasan yara ake sarrafa ta. Ita kaɗai ke ganin wutsiyar layi da kusurwar katangar bankin.

Yana son aikin, ko da yake bai taɓa cewa haka ba. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, "Kiwo ne, Mardiya. Sai dai wannan garken bai san da makiyayi ba."

Abin ya faru ne a shekarar da aka canza takardun kuɗi, aka shiga wahalar tsabar kuɗi, mutane ke wuni a layi. Ran nan bayan la'asar layin ya fita daga harabar banki ya bi katanga. Mamman ne ke riƙe da maɓallin yana bin mutane da kyamara, sai ya tsaya cak.

"Kai, bawana! Matso ka ga wani abu."

"Bawan wa? Yaushe Babarbare ya yi arzikin bawa?"

"Matso dai. Ashe kana da saurayi haka kake ɓoye mana?"

Ya jawo hoton har fuskar Ikrima ta cika talabijin ɗin. Kawu ya ce tun da aka haifi yaron bai taɓa ganin fuskarsa kusa haka ba. Yana tsaye cikin rana, da guntun zare maƙale a hularsa, yana latsa waya.

Mamman ya ce, "Dubi kunnuwan nan, wallahi naka ne sak! Dubi hanci! To ka ce ba naka ba ne in ji. Faɗi sunansa sau ɗaya tak, in saya maka fura da nono ka tuna gida."

Daidai lokacin wata ma'aikaciya ta leƙo karɓar makulli, ta tsaya ita ma tana kallo tana murmushi. Kawu ya ce ji ya yi kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya miƙa hannu ya ture maɓallin. Kyamara ta juya ta fuskanci wurin ajiye motocin ma'aikata.

"Ka ji Fulani da kunya! To shi ke nan, bar ta nan mu yi gadin darbejiya," in ji Mamman. Ya tashi ya tafi salla yana dariya, ma'aikaciyar ma ta fita.

Wannan gaɓar ce ta fi ci wa Kawu rai, kuma da yake ba ni labarin sai da ya maimaita ta. Shi kaɗai ya rage a ɗakin. Babu mai ganinsa, babu wanda zai ji wa kunya. Yana iya mayar da ita. Ya ce hannunsa ya kai kan maɓallin ya dawo. Ya ce a ransa, bari dai yaron ya gama ya tafi tukuna. Ya zauna yana kallon bishiya da motar manaja.

Sai ya ga a ɓangaren talabijin ɗin da ke nuna ƙofa mutane suna rugawa gefe ɗaya. Ashe an kira Ikrima a waya, hayaniya ta hana shi ji, ya bar layi ya matsa kusurwar katanga. Wasu samari biyu suka tare shi suka ce ya ba da wayar. Ya ƙi saki. Ɗaya ya sare shi da wuƙa a hannun dama, suka tsallaka titi suka shige lungu. Waɗanda ke layin sun ce samarin sun jima suna zagaye wurin. Kawu ya ce irinsu ya sha sa a kora tun kafin su matso, don tsayuwarsu kaɗai tana nuna ba layi suka zo ba.

Da ya mayar da kyamarar, mutane ya gani sun yi da'ira, ga hula a ƙasa. Ya gane hular. Ya ɗauki oba-oba ya kira na waje, amma sun riga shi isa. Doka ta hana shi barin ɗakin. A talabijin ya ga an ɗauki ɗansa an sa a adaidaita sahu.

Na tuna yammacin nan sarai. Da muka isa asibiti mun tarar da Kawu tsaye a baranda da rigar aiki, bai shiga ɗakin da aka kwantar da Ikrima ba. Masu zuwa dubiya suka yi ta yabonsa. Wannan ya ce, "Baban Yusra akwai dauriya." Wancan ya ce, "Fulanin asali ke nan, ko gezau." Da aka gaya wa Dada a gida cewa ko leƙawa bai yi ba, ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ubansa yake." Dukanmu mun yi alfahari da shi ranar. Daga baya Kawu ya ce da ni kowane yabo ji yake kamar ana ɗora masa bulo a ka.

Likita ya ce jijiyoyi sun yanke. Aka yi aiki, rauni ya warke, amma yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Ikrima kuwa aikin hannu ne gwanintarsa, shi ke yi wa manyan riguna aska biyu da aska takwas, har daga wajen gari ake kawo masa. Daga ranar bai sake riƙe allura ba. Ya koma ɗinkin keke kawai, ya koyi riƙe almakashi da hagu.

Washegarin abin 'yan sanda suka je banki neman hoton samarin. Aka kunna musu, ba komai sai darbejiya da mota. Ogan kamfanin tsaro ya tambayi wanda ya juya kyamarar. Mamman ya yi wuf ya ce shi ne ya bar ta haka da zai tafi salla.

Kawu ya ce, "Ba shi ba ne, ranka ya daɗe. Ni na juya ta."

"Don me?"

Sai da oga ya sake tambaya sannan Kawu ya ce, "Wani yaron gidanmu ne a layin."

Ko a nan bakinsa bai iya cewa ɗana ba. Ogan bai gane me hakan ke nufi ba, ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, ya ce za a mayar da shi bakin get. Da wata ya ƙare Kawu ya ninke rigar ya mayar musu. A gida ya ce gwiwa ce. Samarin kuwa ba a kama su ba.

Mamman ya ci gaba da zuwa gidanmu lokaci-lokaci. Sai su zauna a zaure su yi shiru, ya tashi ya tafi. Tun daga ranar ban sake jin ya ce da Kawu bawana ba. Mun lura da haka, muka ce ko girma ne ya zo musu.

Kawu ya sayi raguna ya ɗaure a bayan gida, ya zama ba ya fita sai masallaci. Duk Juma'a Ikrima yakan zo gaisuwa, hannun dama cikin aljihu, Kawu ya amsa yana kallon bango kamar da. Sai dai in ya tafi, ranar Kawu ba ya cin tuwo. Mahaifiyata ta sha ce masa, "Yaya, ko ulsa ce mu je a duba ka?" Ya ce ba komai. Ashe ya sha ɗaukar sandarsa ya nufi shagon Ikrima a Mandawari, in ya hango ƙofar sai ya karkata ya shiga wani masallaci ya yi nafila ya dawo. Ya ce abu biyu ne suka tare masa hanya. Na farko bai san da wane baki zai fara magana da wanda bai taɓa zama da shi ba. Na biyu kuma Dada na raye, in ta ji, za ta san tarbiyyar da ta yi masa ce ta juya kyamarar.

Bara Allah ya yi wa Dada rasuwa. Bayan an share makoki na je wurin Kawu a bayan gida, yana zuba wa raguna dusa, don in cike wasu sunaye na mutanen ruga da ban samu daga bakinta ba. Ya ba ni biyu ko uku, sannan ya ajiye kwanon ya ce, "Kina ta tara labarin matattu. Zauna in ba ki na mai rai." Duk abin da na rubuta a sama game da ɗakin kyamara a wannan zaman na ji shi. Bai yi kuka ba. Ni ce na yi. Da ya gama ya ce gobe da hantsi in shirya za mu fita.

Muka hau adaidaita sahu zuwa Mandawari. Ya riƙo wata tsohuwar riga a leda, wai ta zama dalilin zuwa. Ikrima na kan keke, da ya gan mu ya miƙe a ruɗe ya durƙusa, don Kawu bai taɓa taka shagon ba. Kawu ya amsa gaisuwa, ya zauna a bencin waje ya fuskanci titi, ya ba wa shagon baya. Ni na tsaya a bakin ƙofa tsakaninsu.

Ya ce, "Mardiya, ki gaya wa mai shagon nan, ranar da aka sare shi ni ne a kan kyamara."

Na juya zan maimaita, na ga ba buƙata. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba.

"Ki gaya masa na gan shi a layi. An jawo mini fuskarsa, na ji kunya na juya kyamarar. Ki ce bayan kowa ya fita ma ban mayar da ita ba. Da na mayar, da na ga yaran nan kafin su iso shi. Ki ce ba gwiwa ce ta raba ni da aiki ba."

Ikrima ya koma ya zauna a kujerar keke. Wani mai kura ya wuce yana tallan ruwa, teloli na maƙwabta suna ta aikinsu. Sannan Ikrima ya yi magana, shi ma ni yake kallo.

"Mardiya, ki tambaye shi. Da Yusra ce a layin, zai juya?"

Kawu ya amsa wa titi, "Ba zan juya ba."

"To," in ji Ikrima.

Ya ɗauki almakashi ya ajiye. Ya share fuska da hannun riga. Can ya ce, "Ki ce masa abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Ki ce na yafe, duniya da lahira." Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Rigar da ke ledar fa, me ya same ta?"

Kawu ya ce, "Aljihu ne."

"A bar ta, in na zo Juma'a na taho da ita."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Muka tashi. Kawu ya ƙi hawa abin hawa, ya ce mu taka, ga gwiwa. Muna tafe a hankali yana dogara sanda, na ce, "Kawu, ai an gode Allah, ya yafe."

Ya ce, "Na ji. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi."

Sai da muka kusa unguwa ya tsaya a inuwar wata katanga ya huta. Ya ce tun da abin ya faru bai taɓa ganin hannun ba. A asibiti bai shiga ba, ran Juma'a cikin aljihu yake, yau kuma da ga shi a fili kan keke, wuyansa ya ƙi juyawa. Ya ce ya gwada, wallahi ya gwada, abin da aka yi shekara da shekaru ana yi ba ya sakin mutum a hantsi ɗaya.

Tun da nake da Kawu aike kawai na sani tsakaninmu, ban taɓa jin ya roƙe ni wani abu ba sai a gindin katangar nan. Ya nuna jakata da sandarsa ya ce:

"Wayar nan taki tana ɗaukar hoto mai motsi, ko? To don Allah wata rana ki koma shagon ki ɗauko mini shi yana aiki. Kada ki yi a ɓoye, ki fara tambayarsa, in ya ƙi ki bari. In ya yarda, ki matso da ita kusa, ki ɗauko fuskar, ki ɗauko hannun yadda yake. Ki kawo mini bayan gida ki kunna, ki zauna kusa da ni. In kin ga zan kau da kai, kada ki bar ni."